Bazarar da Na Kori Jan-baki da Turanci

Bana ma tsuntsayen nan jan-baki sun zo da wuri. Shekaranjiya da hantsi na bi ta gefen kanal a kan babur zan je Bunkure, sai na jiyo ƙarar gwangwanaye daga cikin shinkafar rani, da muryar wani mutum yana ta kururuwa shi kaɗai a tsakiyar gona. Na rage gudu na tsaya. Tsuntsayen suka tashi baki ɗaya kamar hayaƙi, suka yi kwana a sama, suka zube a gonar maƙwabcinsa. Yanzu masu hali raga suke shimfiɗa wa shinkafarsu su koma gida su kwanta. Shi wannan igiya ce a hannunsa, irin wadda na taɓa riƙewa. Hucin da ke tasowa daga ƙasa da warin laka mai tsagewa suka mayar da ni wata bazara ta shekarun baya, wadda azumi ya faɗo a tsakiyarta.

A lokacin na gama jami'a a Kano, na karanta harkar ƙasa da ban-ruwa, na yi bautar ƙasa na dawo ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure. Aiki bai samu ba. Ina taya Baba koyarwa a Islamiyyarsa, ina bin sa gona. Sai wani malaminmu na jami'a ya kira ni ya ce akwai wata jami'a a ƙasar waje da ke ɗaukar nauyin masu digiri na biyu a fanninmu, shi zai rubuta mini shaida, amma sai na zana wata jarrabawa ta kwamfuta da suke buƙata, rabi lissafi rabi Turanci. Na yi dariya a raina. Ni da nake karanta wa mutanen gari takardar asibiti da ta kotu, Turanci ne zai tare ni?

Na je wani shagon kwamfuta a Kura na gwada tambayoyin share fage. Lissafin bai ba ni wahala ba. Da na shiga Turancin sai na ga jimla da gurbi a tsakiyarta, a ƙasa an jero kalmomi in zaɓi wadda ta dace, kuma ko ɗaya a cikinsu ban taɓa haɗuwa da ita ba. Na wuce ta gaba, haka. Na wuce ta gaba, haka. Gumi ya jiƙa mini riga alhali fanka na kaina. Na fito na zauna a kan benci a ƙofar shagon ina kallon masu adaidaita suna wucewa, na daɗe ban iya tashi ba. Ashe Turancin da nake taƙama da shi na bakin ƙofa ne, cikin gidan ban taɓa leƙa shi ba.

Duk da haka na yi rajista. Yayata Saude, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta tana sana'ar turara shinkafa, ita ta kaɗa akuyoyinta kasuwa aka biya. Ba ta yi shawara da kowa ba. Na san babu wasu akuyoyin a bayansu.

Ana saura kaɗan a ga watan azumi Baba ya faɗi a wajen alwala. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa ta tafi. Daga asibiti aka dawo da shi ɗakinsa. Mutumin da ake tahowa daga Madobi don a ji fatawarsa ya koma nuna buta da ido. Abin da ya fi ɗaure mana kai, idan aka ja masa farkon sura sai ya bi ta tiryan-tiryan har ƙarshe, amma ya ce a ba shi ruwa, ko ya kira sunana, sai leɓɓansa su yi ta rawa babu abin da ke fita. Innarmu ta riga ta rasu. Makaranta aka bar wa wani ɗalibinsa babba, jinya ta hau kan Yaya, gona ta hau kaina.

Gonarmu a wutsiyar kanal take. A shekarar ruwa ya yi ƙaranci, aka koma saki bi da bi, kuma kafin ya iso gare mu ya zama kamar fitsarin akuya. Shinkafar ta ɗauki ciki, lokacin da ta fi son ruwa, ga fangali yana tsagewa har ka iya cusa hannu. Maƙwabcinmu na sama, Baba Iro, dattijo ne busasshe mai taurin kai. Ranar da ruwa ya zo na tarar ya datse hanyar da buhun yashi yana cika nasa. Da azumi a bakina na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi wa sa'an mahaifina ba. Bai ko ɗago ba.

“Ɗan Malam, in na gama zan buɗe,” ya ce. “Haka muke yi da ubanka tun ba a haife ka ba.”

Ya buɗe bayan la'asar, ruwan ya jiƙa rabin gonar ya tsaya. Muka daina gaisawa sai sama-sama.

Da shinkafa ta fitar da kai ta fara nono, jan-baki suka sauka. Na kafa rumfar kara a kan sanduna a tsakiyar gona, na ja igiyoyi zuwa kowace kusurwa, na rataya musu gwangwanayen madara da tsakuwa a ciki. Daga nan kwanakina suka zama iri ɗaya. In na yi sahur da ɗumamen tuwo na yi sallar asuba, sai in saɓa jaka in kama hanya, don tsuntsu ba ya jiran rana ta fito. A cikin jakar akwai kalmomina. Wayata ba ta jure rana, da ta yi zafi sai ta mutu, don haka na yayyanka kwalayen sukari ƙanana ƙanana, gaba na rubuta kalmar Turanci, baya na rubuta ma'anarta da Hausa. Na ɗaure su dami-dami da kyauro.

Da sanyin safiya kai na ɗauka. Ina jan igiya da hagu, kwali na dama. Sai na lura tunda dole in yi ihu in kori tsuntsu, gara in yi ihun da abin da nake so ya zauna. Na shiga jifansu da kalmomin. In sun taso in miƙe in kwarma “paucity”, wato ƙarancin abu, in girgiza gwangwanaye. In sun juyo in bi su da “desiccate”, wato busar da abu ƙarau. Wata rana Baba Iro ya kasa haƙuri, ya leƙo daga rumfarsa.

“Ɗan Malam, wannan wace addu'a ce? A littattafan Malam ka samo ta?”

“Turanci ne, Baba.”

Ya bi da kallo garken da ya tashi daga gonata ya sauka a tasa.

“To ga dukkan alamu suna ji,” ya ce, ya koma ya zauna.

Amma da rana ta take tsaka komai sai ya watse. Karan rumfar kansa zafi yake fitarwa. Iska in ta kaɗo kamar daga bakin tanda. Harshena ya manne da ganɗa, in na yi ihu maƙogwarona kamar ana goga masa yashi. Ga ɗan ruwan kanal a kusa, kore shar da gansakuka, ina kallonsa yana kallona. A wannan lokacin in na ɗauko kwalin da na haddace da safe, sai in ga kamar yau na fara ganinsa. In juya bayansa in karanta, in ce ai na sani, in mayar, in sake zarowa bayan an jima, babu. Kamar mai zuba ruwa a kwando. Ni da na haddace izu da dama a gaban Baba tun ina yaro ba da wata wahala ba. Amma can kowace aya tana riƙe da hannun 'yar'uwarta, ga sauti yana jan ka. Waɗannan kuwa kowace kalma tsaye take ita kaɗai kamar baƙo a tasha, ban san garinsu ba, ban san danginta ba.

Akwai ranar da na zaro dami guda na bi shi daga farko har ƙarshe, abin da na tuna bai kai cikin cokali ba. Na kifa kaina a kan gwiwa. Tsuntsaye suka sauka ina jin cacarsu, na kasa ɗaga hannu in ja igiya. Ina ta lissafa abin da ke kaina: Baba a kwance, shinkafa na ƙonewa, akuyoyin Yaya sun tafi, ranar jarrabawa na matsowa. Na so in yi kuka, jikina ba shi da ruwan da zai bayar. Gwangwanayen Baba Iro ne suka farkar da ni.

Tsuntsu ba ya barin gona sai rana ta faɗi, don haka a hanya nake buɗa baki da dabino ɗaya da ruwan da ya yini a jarka ya zama kamar na wanka. A gida in tarar da kunun tsamiya, wani lokaci da ƙosai, sau da yawa babu. Tsakar gidanmu kuwa wata bazarar ce a cikin bazara. Yaya na da rabin duro a kan murhu, tana hura shi da ɓuntu, tana turara shanshera ta mutane, wato shinkafar da ba a casa ba, ta kwashe ta baza a tabarma. Hayaƙi da tururi sun rine mata ido. Tsakanin wannan da wancan ta shiga ta juya Baba, ta share shi, ta ba shi kunu da cokali.

Ranar da na kifa kai ɗin nan, na dawo na jefar da jakar a gindin rijiya. Yaya ta dube ni ta dubi jakar.

“Nafi'u, miƙo min kwalayen nan.”

“Yaya, bar su kawai. Ba sa zama.”

“Miƙo na ce.”

Iyakarta firamare, Turancin sai ta karanta shi kamar Hausa. Ta riƙe kwali nesa da tururi ta ƙanƙance ido.

“Garrulosu. Mene ne shi?”

Na gyara mata faɗar, na ce ban tuna ba. Ta juya bayan.

“Mai surutun tsiya.” Ta ɗan yi murmushi. “Ai wannan Talatu mai kitso ce. Ka ce Talatu kawai.” Ta zaro wani. “Obdurate. Mai taurin kai, wanda ba ya lanƙwasuwa. To wannan ai maƙwabcinka ne na gona.”

Na yi dariya, rabona da ita har na manta. Muka shiga raba wa mutanen gari kalmomi. Marowaci ya samu tasa, matsoraci ya samu, mai fuska biyu ya samu, har wanda ke shiga sharo ba shanu. Sai ta zaro wani ta juya.

“Lakonik. Mai taƙaita magana, wanda ba ya faɗin fiye da kalma ɗaya biyu.”

Daga ɗakin Baba muna jiyo numfashinsa. Ta mayar da kwalin can ƙarƙashin damin, ta tashi ta ƙara ɓuntu a wuta.

Dabarar ta yi aiki, amma iyakarta kalmomin hali. Akwai tarin wasu da ba su da mutum a garinmu, kalmomin gardamar masana da na hukunci da na falsafa, da waɗanda ma'anarsu ke kusa da juna kamar tagwaye, jarrabawar kuma bambancin nan take nema. Na ci gaba da tura su da ƙarfi. Wasu suka zauna, da yawa suka zube.

Jarrabawar a Abuja za a yi, a goman ƙarshe na azumi. Ranar ta faɗo daidai lokacin da ƙwayar shinkafa ke ƙoƙarin ƙullawa, lokacin da jan-baki suka fi haukacewa. Tafiya da zama da dawowa, gona za ta kwana ta yini ba kowa. Kowa a gari na kan tasa rumfar. Yaya ba ta da halin barin Baba. Na juya abin ta ko'ina, ya rage mutum ɗaya. Na je na durƙusa a gindin rumfar Baba Iro na gaishe shi yadda ya kamata, na ba shi haƙuri kan maganar ruwa, na faɗi buƙatata.

“Hannu biyu gare ni,” ya ce. “Maƙogwaro ɗaya.”

Ban tashi ba. Ya daɗe yana kallon gonakin.

“Kawo bakin igiyoyinka ka ɗaura a nan. Amma ka ji da kyau, in sun sauka a biyun lokaci guda, tawa zan fara. Kada ka dawo ka ce na ci amanarka.”

Da zan tafi na shiga na sallami Baba. Na ce masa zan je jarrabawar nan, a sa ni a addu'a. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya ɗora a kaina. Bakinsa ya motsa, bai samu abin da yake nema ba, sai ya kama Fatiha, ita ta fito sarai. Yaya ta rako ni zaure.

“Matafiyi ne kai,” ta ce. “Ranar ka sha ruwa, ka rama daga baya. Kada ka je ka yi mana jarumtar banza.”

Na bi maganarta. Ɗakin jarrabawar sanyi ne da shi irin wanda jikina ya manta akwai shi a duniya. Bayan makonni a kan rumfa, yatsuna suka riƙa karkarwa a kan madannai. Agogo na ƙirga lokaci a kusurwar allo. Lissafi ya wuce lafiya. A Turanci na haɗu da Talatu mai kitso, na haɗu da Baba Iro, na gaishe su a raina na wuce. Sai dogayen nassoshi suka fara zuwa, a kan zane-zane da tarihin wasu ƙasashe, kowace jimla da jela kamar ba za ta ƙare ba. Na ga kalmomin da na tabbata na yi ihunsu a gona, ina iya tuna har kalar kwalin da inda kyauro ya ci gefensa, amma bayan kwalin ya ƙi juyowa. Lokaci ya ƙare ina tsakiyar wani nassi.

Makin nan take yake fitowa. Na lissafi ya haura abin da suke so. Na Turanci ya gaza da ɗan kaɗan. Na zauna ina kallonsa har mai tsaron ɗakin ta zo ta taɓa kujerata ta ce in ba wani wuri.

Washegari na hau motar komawa gida. Muna wuce Kwanar Dangora hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Kafin Kadawa ya tsinke, ruwan farko na shekara. Fasinjoji suka yi ta hamdala, wani ya zuge gilashi ya miƙa hannu waje, ƙamshin ƙasa ya cika motar. Na sauka a Kura na hau babur, ban nufi gida ba, na ce a kai ni gona.

Baba Iro na zaune a rumfarsa ya jiƙe sharkaf, igiyoyina da nasa a naɗe a hannunsa, sun yanka masa tafi. Na dubi gonarmu. Shinkafar da ta cika sunkuyawa take yi. Tamu, tun daga tsakiya har ɓangaren da ke kusa da itatuwa, kawunan a miƙe suke, farare, an tsotse su. Na dubi tasa, ita ma gefe guda haka.

Ya buɗe baki, muryarsa ta dishe sai raɗa.

“Jiya da yamma suka zo. Ban taɓa ganin irinsu ba.” Ya dube ni. “An dace?”

“Ba a dace ba, Baba.”

Ya gyaɗa kai. Ya warware igiyoyina daga hannunsa a hankali ya miƙo mini.

A gida na tarar da Yaya tana ta jan tabarmin shanshera zuwa rumfa, ruwa ya taɓa wasu. Na ajiye jaka na kama mata. Ba ta tambaye ni ba, sau ɗaya ta dubi fuskata ta ci gaba da ja. Da muka gama na ce, “Yaya, akuyoyinki...”

“Shiga wajen Baba,” ta ce. “Tun jiya idonsa na kan ƙofa.”

Sai a shekara ta gaba na sake zama, na samu makin, na tafi na yi karatun na dawo. Baba bai kai lokacin ba. Abin da ya sani game da ni da wannan jarrabawa shi ne abin da na faɗa masa a wannan yammacin.

Ɗakin ya yi duhu saboda hadari, ruwa na ɗiga daga indararo. Na durƙusa a gaban gadonsa na ce, “Baba, na dawo. Ban samu ba. Turancin ne ya kayar da ni.” Ya daɗe yana kallona. Sai leɓɓansa suka fara aiki. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi, ya kama sauti ya suɓuce, ya sake kamawa.

“Shin... kafa.”

Tun da ya faɗi, ban ji ya nemo kalma da kansa ya same ta ba sai ranar. Na so a ce wata ce ya nema. Na sunkuyar da kai na ce, “Jan-baki sun ci fiye da rabi.”

Ya rufe ido. Na ɗauka ya gama, har na fara janye jiki. Sai hannunsa na hagu ya damƙe wuyan hannuna da ƙarfin da ban san yana da shi ba. Ya juya kai wajen taga, inda ruwan ke zuba, ya dawo da ido kaina. Wannan karon ya fi daɗewa yana kokawa, har gumi ya tsattsafo masa a goshi.

“Iri,” ya ce.

Na gane. Damina ta sauka, wanda bai zuba iri a makon nan ba zai yi dashe a makare. Na ce, “To, Baba.” Ya sake ni.

Na fito ana kiran magariba. Yaya ta miƙo mini kofin kunu, na ce ta ajiye tukuna. Na shiga rumbu na jawo buhun irin da Baba ya ware da hannunsa tun kaka, na kwance bakinsa, na juye a babban baho, na ɗebo ruwa a rijiya na zuba har ya sha kansa.